Motata ta kwana biyu, wai dole sai na kai ta MOT (gwajin lafiyar mota a Ingila) duk shekara?

Ɗan_Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka daɗe a Ingila ku taimaka min. Wata huɗu ke nan da zuwana Leicester karatu, na lallaɓa na sayi wata tsohuwar Yaris ƙirar 2011, wanda ya sayar min ya ce MOT ɗinta saura sati uku ya ƙare, ni kuma wallahi lokacin ban ma gane me yake nufi ba na dai ce to. Tambayata, duk shekara ake yi ko don tawa ta tsufa ne? Kuma in na bari ya wuce da kwana kaɗan akwai matsala? Aljihun nawa sai a hankali.

Baban_Ummi:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka bari ya wuce ko da kwana ɗaya. A nan da mota ta cika shekara 3 da rajista take fara zuwa MOT, daga nan kuma duk shekara ne, ko ta 2020 ce ko ta 2005 duk tafiyar ɗaya. Ba a sauke mata wannan nauyin sai ta kai shekara 40, shi ma in ba a yi mata wani babban canji ba, ka ga Yaris ɗinka da sauran tafiya. Kuɗin gwajin gwamnati ta ƙayyade kada ya wuce fam 54.85, gareji da yawa ma ƙasa da haka suke karɓa. In aka kama ka kana tuƙi babu shi tarar na iya kai fam 1,000, kuma ba sai ɗan sanda ya tare ka a hanya ba, kyamara ce ke karanta lambar motar. Harajin titi ma ba za ka iya sabuntawa ba.

Abin da tsufa ke kawowa faɗuwa ce. Lokacin sanyi gishiri suke watsawa a titi saboda ƙanƙara, gishirin nan kuwa cin ƙarfe yake. Ni tsohuwar motata daga sama fes take sai ƙyalli, ranar da aka ɗaga ta makaniki ya kira ni ya ce leƙo nan, ya danna ƙarfen ƙasa kusa da inda bel ke ɗaure da babban yatsa, sai ga tsatsa na zubowa kamar garin kunu. Kuɗin walda ya kusa kuɗin motar, na haƙura na sayar da ita a gwangwan.

Maman_Sadiq:
Ƙari kan abin da Yaya ya faɗa, ka shiga shafin gov.uk ka sa lambar motar, kyauta ne, zai nuna maka duk gwajin da aka yi mata a baya, inda ta faɗi da ƙananan abubuwan da aka ja kunnen mai ita a kai. Da ma kafin ka biya kuɗi ya kamata ka duba amma bakin alƙalami ya bushe. Kuma tun yanzu ka je, ana yarda a yi tun saura wata ɗaya babu kwana ɗaya ya ƙare, kuma ranar ƙarewarka ba za ta canza ba. Kafin nan ka sa wani ya tsaya a baya ka taka birki ya ga fitilu, ka duba waifa da ruwan wanke gilas da hon, zanen taya kar ya gaza milimita 1.6. Haushi ne mota ta faɗi saboda ƙwan fitila.

Sani_Hamburg:
Ku kam kuna shan fama. Mu a Jamus shekara 3 ne farko, sannan duk bayan shekara 2, ana manna ɗan tambari a lambar baya. Amma su ma in suka shiga ƙarƙashin mota ba sani ba sabo. Wasu da gyaransu ya fi ƙarfin mai su ai su ne ke hawa jirgin ruwa su sauka Kwatano, mu je gida mu tarar ana ce musu Beljiyam ana shafa su.

Ɗan_Fagge:
Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, bara an rubuta mata salansa ta fara tsatsa kuma ɗaya daga tayoyin gaba ta kusa cinyewa. To in ta ci gwajin shi ke nan lafiyarta ƙalau ko?

Baban_Ummi:
A'a fa. Ba sa duba lafiyar inji ko giya ko kulochi, ruwansu da birki, sitiyari, taya, fitilu, hayaƙi da irinsu, don haka juyen mai yana nan a wuyanka. In ta faɗi ka bar ta a garejin suka gyara cikin kwanakin aiki 10, sake gwajin kyauta ne. In kuma suka rubuta lalacewar mai haɗari ce kar ka kuskura ka tuƙo ta gida. Tayar nan dai ka canza ta kafin ka je, turo min hoton salansar ta inbos in gani.