Muhawara: wai mai kallon batsa kansa kaɗai yake cuta?

Ɗan Mabera: Jama'a, ban ce kallon fim ɗin batsa halal ne ba, Allah shi kiyaye. Abin da nic ce, zunubi ne tsakanin mutum da Ubangijinsa. Ya kulle ɗakinsa, da wayarsa, da datarsa, wa ya taɓa? Ga matsalar tsaro gabashin jihar Sakkwato, ga tsadar abinci, mu bar waɗannan mu tsaya kan wanga?

Ungozoma: Ƙanena, ka ce wa ya taɓa? Bari in gaya maka wa. An taɓa kawo mani amarya, kwana huɗu da biki, lallen ƙafarta ko dushewa bai yi ba, ba ta iya zama bisa benci. Sai da na fitar da gwaggonta waje sannan ta buɗe baki. Angon waya yake ɗora mata gaban fuska, yac ce abin da ta gani shi za ta yi. Sai da anka yi mata ɗinki. Da za su tafi, gwaggon haƙuri ta ba ta, wai haka aure yake.

Ɗan Mabera: Subhanallahi. Amma Yaya, wanga mugu ne tun asali. Ko babu waya sai ya zalunce ta.

Ungozoma: Wataƙila. To amma ina ya koyi darasin? Waɗancan finafinan kasuwa ce, abin da ka saba gani ya daina motsa ka, sai ka nemi wanda ya fi shi muni. Mace cikinsu ba ta cewa a'a, ko ta yi kuka nuna maka ake kamar daɗi take ji. Yaron da bai taɓa zama da babba ya yi masa bayanin aure ba, can yake ɗauko karatu.

Mai Caji: Yaya ta yi gaskiya. Ni shagon caji da tura finafinai nake. Yaro ɗan shekara goma sha biyu, da allonsa a hammata, ya miƙo mani memori da naira ɗari, murya ƙasa-ƙasa: “A sa mani irin na manya.” Na kore shi, wallahi jikina ya yi sanyi. Na san kuma in ya zagaya zai samu mai sa masa.

Baba Malam: Shi ya sa nake cewa a karɓe manyan wayoyi hannun 'yan mata. Ɗiya mace ba ta da abin yi da intanet kafin aure.

Malamar Islamiyya: Allah gafarta Malam, da girmanka, amma ga Suratun Nur aya ta 30, maza anka fara umurta da runtse ido, sannan mata ga aya ta 31. Mai Caji yaro namiji ya kora. Amaryar can ba ita ta kunna ba. Garin Nana Asma'u muke, da 'yan taru sunka riƙa bin ƙauyuka suna karantar da mata, yanzu ɗalibaina ta waya suke sauraren karatu. A ƙwace tasu, a bar ta yayyensu?

Baba Malam: Ɗiyata, ban musa ayar ba. Tsoro nake ji. Wadda hotonta ya fita ita ake mayar wa da lefe, saurayin da ya yaɗa kuwa shina nan majalisa shina shan shayi.

Lauya: Baba, wanga da ka faɗa shi ne zuciyar maganar. Yaɗa tsiraicin yaro ko yarinya laifi ne ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta 2015, kuma Sakkwato ta sa hannu ga dokar hana cin zarafi da ta kare yara a 2021. Sai dai iyaye sun fi son a rufa asiri da a kai ƙara. Shi kuma Ɗan Mabera, matan da ake kallo fa? A Disamban 2020 wani babban shafin batsa na duniya ya goge miliyoyin bidiyo, bayan rahoton wata jaridar Amurka cewa akwai na fyaɗe da na ƙananan yara, har kamfanonin katin biyan kuɗi, Visa da Mastercard, sunka janye daga hulɗa da shafin. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 daga Nijeriya, na masu yaudarar mutane su turo tsiraici sannan su nemi kuɗi. Mai kallo bai san wadda anka tilasta ba, kuma kallonsa ne ke kawo wa shafin kuɗin talla.

Ɗan Mabera: Na karɓi ta matan da ake ɗauka. Amma wanda ya riga ya kamu fa? Akwai abokina, ya goge ya sake saukewa ya fi sau goma, har kuka yake. In munka ce masa azzalumi, ƙara ɓoyewa zai yi.

Ungozoma: Ba zagi za mu yi masa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa kasa riƙe sha'awa cikin jerin lalurori. Ka raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ka ce ya daina kwana da waya ɗaki. Shina da mata?

Ɗan Mabera: Bayan salla za a ɗaura.

Ungozoma: To ka kira ni yau bayan isha'i, kada ka bari sai gobe.