Windows da Ubuntu a lokaci guda: RAM 8GB zai ɗauka?

Ɗan_Koyo: Assalamu alaikum. Kwamfutata Core i5 ce, RAM 8GB, Windows 11 Home. Na fara wani kwas da sai da Ubuntu (tsarin tafiyar da kwamfuta ne na Linux, kamar yadda Windows yake), amma ba zan iya rabuwa da Windows ba saboda Excel na wurin aiki. So nake su yi aiki tare, ba sai na kashe wannan na kunna wancan ba. VirtualBox, manhajar nan da ke kunna wani tsarin a cikin wani, zan sa ko me?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kunna Hyper-V kawai, aikinsu ɗaya da VirtualBox, kuma yana cikin Windows ɗinka.

Ummu_Kwamfuta: Injiniya, Home fa ya ce. Hyper-V sai Pro zuwa sama. Ƙanena, sa VirtualBox, ka ba Ubuntu 3GB, ka bar wa Windows sauran. Zai yi nauyi idan ka buɗe Chrome da shafuka goma, amma zai tafi. Ka duba BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ko VT-x (abin da ke ba irin su VirtualBox damar aiki) a kunne yake.

Mai_Gemu: Raba faifan ajiyar kwamfutar biyu, Windows da Ubuntu kowa da ɗakinsa. An gama.

Baban_Yara: Mai_Gemu, kar ka jefa yaro rami. Haka wani abokina ya ce zai raba min, wai minti goma. Wurin sakawa aka tambaye shi ko a ajiye Ubuntu gefen Windows ko a goge faifan duka. Bai karanta ba ya danna na biyu. Aikin bincikena na shekara biyu, hotunan mahaifiyata Allah ya jiƙanta, duk suka tafi. Kwana uku ina gwada manhajojin dawo da fayil, abin da na samu hotuna ne rabi-rabi, babu suna babu tsari. Har yau muna gaisawa da shi, amma ba ya taɓa min ko linzamin kwamfuta.

Ummu_Kwamfuta: Allah ya jiƙan Mama. Amma ba ka da kwafi a wani wuri?

Baban_Yara: Da ina da shi zan zauna ina ba ku labari?

Injiniya: In da kuɗi VMware ya fi VirtualBox, amma lasisinsa da tsada.

Sarkin_Linux: Wane tsada? VMware Workstation Pro kyauta ne tun 2024. Injiniyan wace shekara ne kai?

Injiniya: Ni dai na biya, rasit yana nan. Shekara nawa kai ka yi kana wannan aiki?

Sarkin_Linux: Isassu. Kuma duk kun bar WSL2, hanyar tafiyar da Linux a cikin Windows, wanda ke aiki a Home kuma bai cin RAM kamar cikakkiyar kwamfuta cikin kwamfuta.

Mai_Gemu: Mata biyu a ɗaki ɗaya, 8GB kuma kuɗin cefane. Allah ya ba da zaman lafiya 😂

Ɗan_Koyo: To in na ƙara RAM zuwa 16GB fa?

Baban_Yara: Buɗe bayanta tukuna. Da yawa daga siraran kwamfutocin nan na yanzu RAM ɗin a liƙe yake da allon ciki, babu ramin ƙari. Tawa haka take, ba wanda ya faɗa min sai bayan na saya.

Sarkin_Linux: Har batirin ma yanzu wasu da gam suke manna shi.