Masu open source ɗin nan haka suke amsa ma kowa ko ni suka raina?

Abdoulaye: Salamu alaikum ƴan uwa ina neman shawara. Ina stage a wata ONG nan Yamai, muna aikin ankete da wata manhaja ta kyauta a waya, irin ta open source da kowa ke iya ganin code ɗinta ya gyara, kwanan nan duk na zo tura fom sai ta rufe kanta. Na tahi GitHub, shafin da masu ita ke ajiye aikinsu ake kai musu matsala, na yi sallama na gaishe su da aiki da iyali yadda ya kamata, na ce abin gaggawa ne patron na jira, na tage su duka. Mutum guda ya amsa layi ɗaya tak, wace version, ina log (rubutun da manhajar ke ajiyewa na abin da ya faru). Ko sannu babu. Wani ya zo ya rufe tambayar wai an taɓa yin ta. Wallahi raina ya ɓaci, in maida musu magana ko in ƙyale?

Zeinabou: Ƙanena kar ka maida komi. Wanda ya tambaye ka version ai aiki ya kama, wanda ya raina ka shiru zai yi. Yawancinsu ba biyansu ake ba, mutum ya taso daga aikinshi da dare ya tarar da saƙo tuli, gaisuwarka sakin layi biyu sai ya tsallake ta yana neman inda matsalar take bai gani ba. Kuma gaggawar nan da tage kowa, a wurinsu kamar ka shiga gidan mutane kana buga ƙofar kowane ɗaki ne, patron ɗinka ba nasu ba ne.

Moussa: Yaya Zeinabou gaskiya ne amma kar mu wanke su tas, akwai masu baƙar magana cikinsu. Linus Torvalds kanshi mai Linux, babban projet na open source, sai da ya ba da haƙuri a Satumba 2018 kan yadda yake ma mutane magana, ya ɗan janye daga aikin, lokacin ne suka ɗauki sabon code of conduct, wato ƙa'idojin mu'amala da juna cikin projet. In zagi ne akwai wurin kai ƙara a projet da yawa. Naka dai ban ga zagi ba.

Malam Harouna: Abdoulaye wanda ya rufe ya sa maka lien na tsohuwar tambayar? Buɗe ka karanta har ƙasa, sau da yawa maganin na can. In bai yi ba ka rubuta a can ɗin, sannu guda ta isa, sai version na manhajar, irin wayarka da Android ɗinta, mi ka danna ɗaya bayan ɗaya, mi ya faru. Saƙon erreur ka kofe shi rubuce, kar ka ɗauki hoton écran da wata waya, ba ya bincikuwa. Godiya ka bar ta ƙarshe, suna jin daɗinta.

Abdoulaye: Eh Malam akwai lien, haushi ya hana ni dannawa. To log ɗin haka zan liƙa shi duka?

Zeinabou: A'a hwa! Duk duniya ke gani. Goge sunayen mutanen ankete da lambobinsu da mot de passe na serveur tukuna, in ka gama turo min ta privé in duba kafin ka sa.