Duk ɗan gem ɗan kiɗan metal ne?

Baban Husna, Jidda: Jama'a, abin ya ishe ni. Ɗan yayata da ke zaune wajena na ba riyal 300 ya sayi takalmi, sai ga shi da abin jin kiɗa na sawa a kunne. Jiya ƙarfe biyun dare na leƙa ɗakinsa, yana buga wani gem wai shi Doom, kiɗa na fita kamar injin markaɗe, shi kuma yana gyaɗa kai har hularsa ta faɗi bai sani ba. Ni dai na gama magana: duk yaron da ya kama gem, a kiɗan metal, wannan kiɗan Turawa mai ƙarar jita, zai ƙare. 'Ya'yan Takari ne suka ɓata min shi.

Ɗan Shara Mansur: Su wa kake kira Takari, Alhaji?

Abu Fahad: Kawu, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Doom kam haka yake, tun na 1993 kiɗansa na metal ne, na 2016 da Mick Gordon ya haɗa ma ya fi ƙara. Gem ɗin Fortnite kuma ya shigo da Metallica, makaɗan metal, a 2024. Amma yaran layinmu ƙwallo da PUBG suke bugawa, waƙoƙin shelat na Larabawa suke ji.

Ɗan Shara Mansur: Ba a ba ni amsa ba. Kakana da ƙafa ya ratso Sudan, ya hau jirgin ruwa a Sawakin. Kai da ka sauka da bizar Umra ka maƙale, kai ne za ka sa mana suna?

Baban Husna: Igamata, takardar izinin zamana, na aljihuna, yaro. Ka iya bakinka, na girmi yayanka.

Hajiya Ta Madina: Ku yi haƙuri, asalin kalmar ba zagi ba ne. Daga Takrur ta fito, tsohuwar daula a bakin kogin Senegal, sai Larabawa suka riƙa ce wa alhazan ƙasashenmu Takruni.

Ummu Rayan: Hajiya, in ba zagi ba ne, me ya sa in muka je Kano biki ake nuna mu da baki ana "ga Takari"? Tsarabarmu dai ba a ƙi ta.

Na Fagge: Kar a sako Kano a ciki. Ummu Rayan, zubin adashin watan jiya fa?

Ummu Rayan: A nan za ka tambaye ni? Ka tambayi matarka.

Abu Fahad: Af, Metallica ɗin ma sun yi wasa a Riyad a Disambar 2023, a bikin kiɗa na Soundstorm. Gasar gem ta duniya ma a Riyad aka yi a 2024. Ba wani Bahaushe da ya gayyato su.

Ɗan Shara Mansur: Ka ji dai. Sai Baban Husna ya janye kalmar kawai.

Shugaban zaure, Makka: To, ya isa. Abin da na fahimta: Abu Fahad ya nuna ba duk ɗan gem ne ɗan metal ba, kuma tarbiyya daga gidan da yaro ke kwana take. Sai Baban Husna ya ba mu haifaffun ƙasar nan haƙuri. Ɗan Shara Mansur bai faɗi abin da ba daidai ba, ni ma kakana ta Sawakin ya biyo. Maganar adashi a kai ta gefe.

Baban Husna: To yaron fa? Ga shi can ya sake kunnawa.