Wai harkar gidaje caca ce?

Alhaji Mai Benaye: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da ni, yau abin da ke cikina zan amayar. Shekarata goma sha tara ina saye da sayar da gidaje. Ranar Talatar nan ciniki mafi girma a rayuwata ya faɗa. Wata bakwai ina bin sa. Sau biyu mai gidan yana sallamawa yana janyewa, sannan abokin harkata na shekara goma sha ɗaya ya zagaya ta bayana ya ƙara taya shi don ya ƙwace. Ba zan kama suna ba, ya san kansa. Duk da haka Allah ya yi rabona ne. Muka sa hannu a ofishin lauya, aka miƙo mini makullai, na fito na shiga mota. Wallahi na fi rabin awa a zaune ban tayar da ita ba. Ina jiran daɗin nan da na saba ji in ciniki ya faɗa, shiru. Abin da ya zo mini a rai shi ne lissafin gida na gaba.

Da na koma gida aka ba ni takardar makarantar 'yata in cike. Na zo wurin da ake rubuta aji, na tsaya da biro a hannu. Na san yawan ɗakunan kowane gida da na mallaka, na san wanda famfonsa ke yoyo, amma ajin da 'yata take sai da na tambayi uwarta. Kallon da ta yi mini har yanzu bai bar idona ba. Shi ya sa nake cewa duk wanda ya gaya muku wannan harka ta ba shi kwanciyar hankali bai faɗa muku gaskiya ba. Mun koma kamar 'yan caca, in ka ci ka sake zubawa, in an cinye ka ka sake zubawa. Ina nasarar take a nan?

Ɗan Autan Dillalai: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, da girmanka da komai, kalmar caca ba ta dace ba, ka janye ta. Da wannan sana'a nake riƙe da mahaifiyata da ƙannena huɗu. Kana nufin da kuɗin caca nake ciyar da su?

Hajiya Mai Haya: Ka riga ni, ƙanena. Ni gida na farko da na saya, shekara shida na yi ina tari, ban ci mai kyau ba, ban sa mai kyau ba. Sai yau a ce mini 'yar caca? Haba Alhaji. In ranka ne ya ɓaci da abokinka ka faɗi haka, kada ka shafa mana kashin kaji gaba ɗaya.

Malam Na Zaure: A bi a hankali da kalmomi, jama'a. Caca ita ce mutane su zuba dukiya a kan abin da ba wanda ya san yadda zai kasance, wani ya kwashe, sauran su tashi hannu wayam, kuma ba a samar da komai ba. Gida kuwa abu ne da ake gani, a taɓa, a kwana a ciki. Mai sayarwa ya tafi da kuɗinsa, mai saye ya tafi da gidansa, kowa ya amfana. Allah ya halatta ciniki. Bai kamata a haɗa halal da haram a jimla ɗaya ba ko da a misali ne.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, bayaninka daidai ne a kan mutumin da ya sayi gida don ya zauna ko ya sa 'yan haya. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, nawa ne a cikinmu suke saye don haka? Da yawa saye muke don mun ji ana cewa farashi zai tashi. A Dubai kafin 2008 mutane gida suke saye tun yana zane a takarda, su biya kafin alƙalami, su sayar wa wani da riba tun ba a haƙa tushe ba, shi ma ya sayar wa na gaba. Da abin ya juya, farashi ya faɗi da kusan rabi. A Nuwamban 2009 kamfanin Dubai World ya nemi a ɗaga masa ƙafa kan biyan bashi, sai da Abu Dhabi ta kawo ɗauki da dala biliyan 10. Wanda ya riƙe takardar ƙarshe shi aka cinye. Me za ka kira wannan?

Hajiya Mai Haya: Wannan haɗama ce, ba caca ba.

Injiniya: Hajiya, suna ne kawai kika sauya. A Amurka ma haka aka yi. Bankuna suka riƙa ba mutane bashin sayen gida ba tare da duba ko za su iya biya ba, kowa ya sakankance farashin gida ba ya sauka. Daga 2006 ya fara sauka, ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, miliyoyin iyalai aka ƙwace wa gidaje, bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Satumban 2008. A ƙasar Sin kamfanin Evergrande ya tara bashin da ya haura dala biliyan 300, ya karɓi kuɗin mutane a kan gidajen da bai gama ginawa ba, har a Janairun 2024 wata kotu a Hong Kong ta ce a sayar da kadarorinsa. Mai kamfanin a 2017 shi ne ya fi kowa kuɗi a ƙasar Sin. Duk waɗannan gida ne da ake gani ake taɓawa, Malam.

Malam Na Zaure: To ai ka kawo mini hujjata da kanka. Duk misalan nan uku bashi ne da kuɗin ruwa ya kashe su. Laifin riba ne, ba laifin gida ba. Wanda ya sayi gida da kuɗinsa na kansa, ko farashi ya faɗi gidansa na nan, 'yan hayarsa na biya.

Ɗan Autan Dillalai: Kuma Injiniya, kai da kake kawo mana labarin ƙasashen duniya, ku ne kuke rage siminti da rodi ku damƙa mana gini mu sayar, bayan damina biyu bango ya tsage, mai saye ya zo ya kama wuyan dillali. In ana neman masu caca da rayukan mutane a fara da ku.

Injiniya: Ɗan Auta, ka iya bakinka. Ban taɓa sa hannu a ginin da aka rage wa rodi ba, kuma duk wanda ya yi aiki da ni a zauren nan shaida ne. Tunda ka taɓo, bari in tambaye ka: dillalin da zai karɓi la'ada a wurin mai sayarwa, ya karɓa a wurin mai saye, ya kuma ɗora wani abu a kan farashi ba da sanin kowa ba, shi me sunansa?

Ɗan Autan Dillalai: La'ada haƙƙina ce. Ka taɓa yini a rana kana zagayawa da mutum gida takwas, a ƙarshe ya karɓi lambar mai gida ya je su ƙulla a bayanka? Sau nawa aka yi mini haka. Ba wanda yake lissafa wannan.

Injiniya: Ban ce la'ada ba, ɗorin da ake ɓoyewa na ce.

Shugaban Zaure: A daina jifan juna da sana'a, don Allah. Dillalai su ne ƙashin bayan wannan harka, kowa ya sani.

Wani Ɗan Haya: Ni ba ni da gida ko ɗaya, ina nan ne don in koya. Amma ku bar ni in ce wani abu. Ku kuna musu a kan ko caca ce ko ba caca ba, mu kuwa mu ne kuɗin da ake zubawa. Duk lokacin da gidan da nake ciki ya sauya hannu, sabon mai gida zai ƙara haya don ya fanshe abin da ya kashe. Sau uku na kwashe kaya a shekara biyar, yarana sun sauya makaranta sau biyu. Ranar tashi ta ƙarshe ƙaramin ɗana ya riƙe ƙofar ɗakinsa yana kuka, sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya Mai Haya: Ɗana, Allah ya ba ka naka. Amma ka ji ta ɓangarenmu. Akwai wanda ya zauna mini wata goma sha huɗu bai biya ba, da ya tashi ya cire har kan famfo da wayar wuta ya tafi da su. Gyaran da na yi ya cinye hayar shekara. Ku ma ba duka ne mutanen kirki ba.

Wani Ɗan Haya: Hajiya, ni ban taɓa wuce wata ban biya ba.

Hajiya Mai Haya: To ba da kai nake ba.

Lauya: Jama'a, kun bar Alhaji a tsaye. Mutumin nan tambaya ya yi a kan nasara da kwanciyar hankali, kuma an yi bincike a kan wannan. A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton, dukansu sun ci kyautar Nobel, sun duba amsoshi sama da 450,000 na mutanen Amurka. Suka raba abu biyu: yadda mutum yake auna rayuwarsa in an ce ya ba ta maki, da yadda yake ji a ransa yau da gobe. Na farko yana ta hawa muddin kuɗi na ƙaruwa. Na biyu kuwa ya tsaya da kuɗin shigar mutum ya kai wajajen dala 75,000 a shekara. Abin da ya sami Alhaji a cikin motar nan ke nan. In ka ce ya auna kansa zai ce ya ci nasara, amma zuciyar ba ta motsa ba. Akwai kuma binciken jami'ar Harvard da aka fara tun 1938, aka bi rayuwar maza 724 har tsufansu. Abin da ya fi nuna wanda zai tsufa da lafiya da farin ciki shi ne kyawun zamansa da iyali da abokai. Ni a ofishina na ga mutanen da suka tara gidaje, 'ya'yansu suka fara rigimar gado tun kafin a share makoki.

Injiniya: Lauya, wancan adadi na 75,000 an sake duba shi daga baya. Wani mai bincike, Matthew Killingsworth, a 2021 ya samu cewa jin daɗin yana ci gaba da hawa. A 2023 suka haɗu da Kahneman suka sake dubawa, suka ce ga yawancin mutane yana hawa, waɗanda dama suka fi kowa ƙunci ne nasu yake tsayawa.

Ɗan Autan Dillalai: Kun ji ko? Ashe kuɗi na kawo farin ciki. A bar mu mu nema.

Malam Na Zaure: Ba sai mun je Harvard ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana wadata ba yawan dukiya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Amma wannan bai mai da ciniki caca ba. Har yanzu ina kan bakana, a janye kalmar.

Alhaji Mai Benaye: Malam, ni ban yi fatawa ba. "Kamar" na ce. Ban ce kuɗin kowa haram ne ba. Halin da zuciyata take ciki na faɗa, cewa ba na iya tsayawa, kuma mutumin da muka ci abinci a kwano ɗaya shekara goma sha ɗaya ya zaɓi gida a kaina.

Ɗan Autan Dillalai: Ranka ya daɗe, tunda ka sake ɗauko zancen, shi ma wancan bawan Allah yana da nasa bayanin. Shi ya fara gano gidan, kai ka shigo daga baya da kuɗi. A ji ta bakinsa kafin a yanke masa hukunci.

Alhaji Mai Benaye: Au, ashe ka san maganar? Ashe kai ne dillalin da ya kai shi wurin mai gidan?

Ɗan Autan Dillalai: Aikina na yi. Duk wanda ya kira ni zan kai shi.

Injiniya: To yanzu na gane dalilin da kalma ɗaya ta yi maka zafi haka.

Hajiya Mai Haya: Injiniya, kai ma kowa ya san Alhaji ne yake ba ka aikin gine-ginensa, kada ka nuna mana kai alƙali ne.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, zan rufe wannan magana. Ga abin da aka tsayar. Malam ya yi bayani gamsasshe cewa harkar gidaje ciniki ne halal, ba ta da alaƙa da caca, kuma mafi yawan 'yan zaure sun gamsu. Misalan da Injiniya ya kawo na bankuna ne da manyan kamfanoni, ba su shafe mu ba. Binciken da aka ambata ya tabbatar da cewa ƙarin kuɗi na ƙara jin daɗi. La'adar dillali haƙƙinsa ce, ni ma shekara ashirin na yi ina dillanci kafin in mallaki gidan kaina, na san wahalarta. Alhaji gajiya ce ke damunsa, muna ba shi shawara ya huta kwana biyu, ya kuma janye kalmar don a zauna lafiya.

Injiniya: Shugaba, ban gamsu ba, kada a sa ni a lissafi. Kuma ba ka ce komai a kan ɗorin da ake ɓoyewa ba, ba ka ce komai a kan maganar ɗan hayan nan ba.

Lauya: Rabin binciken ka ɗauka, Shugaba, ka bar rabin.

Alhaji Mai Benaye: Ban janye ba. Yanzun nan aka kira ni a kan wani gida, na ce ina zuwa da yamma, kuma na san zan je, alhali na yi wa yarinyar nan alkawarin ni zan ɗauko ta daga makaranta yau. Abin da na tambaya ke nan tun da safe. Wa ya taɓa iya tsayawa a cikinku, kuma yaya ya yi?