Kyarkecin Meziko: lokaci ya yi da za a janye masa kariya?

Ɗan Ruga: Jama'a, ni a ganina kyarkecin Meziko ya farfaɗo, a janye masa kariyar doka. Guda 11 aka saka a dajin jihar Arizona ta Amurka a 1998, ƙidayar 2024 kuwa ta nuna aƙalla 286 tsakanin jihohin Arizona da New Mexico. Masu shanu a can na wayar gari su tarar an farke wa maraƙi ciki. Na san zafin nan. Kura ta taɓa ɗauke mana ɗan maraƙi, uwar ta yi kwana uku tana kuka a bakin garke, nono na zuba.

Malama: Allah ya mayar da alheri, Malam. Amma 286 ɗin nan gaba ɗaya zuriyar kyarketai bakwai ne kacal. Guba da tarko, har da na ma'aikatan gwamnatin Amurka, su suka kusa shafe su. Sai a 1976 aka sa su cikin dabbobin da doka ta kare, sannan aka kamo wasu 'yan kaɗan a Meziko tsakanin 1977 da 1980 don a yi kiwonsu a killace. Jini ɗaya ke ta zagayawa a cikinsu. Ku makiyaya kun fi kowa sanin dalilin da ake sauya bijimi a garke.

Likitan Dabbobi: Gaskiyar Malama. Shi ya sa ake ɗauko jariran da aka haifa a killace, ba su wuce mako biyu ba, a shafa musu warin 'ya'yan daji, a cusa su cikin ramin uwar daji ta shayar da su tare da nata.

Ɗan Ruga: Na yarda da maganar jini, Likita. To mai saniyar fa?

Likitan Dabbobi: Ana biyan diyya idan an tabbatar kyarkeci ne ya kashe.

Ɗan Ruga: Nan gizo ke saƙar. Makiyayar tasu faɗi gare ta, kafin ka ga mushen, angulu sun gama da shi. Da me za a tabbatar?

Malama: Nan kam ina bayanka, a gyara tsarin diyyar. Amma ko da dokar ma, harbin ɓoye na cikin manyan abubuwan da ke kashe su. In aka janye ta yau, nawa za su kai baɗi?

Ɗan Ruga: A fara gyara diyyar tukuna, Malama, sai mu sake zama.