Neman kalmar Hausa: tiredin noti da gyaransa a jikin keke

Assalamu alaikum, jama'a. Wannan tambaya ce ga masu gyaran keke da babur, da malaman Hausa, da duk wanda ya saba riƙe sufana. Ina shirya ɗan littafin koyar da gyaran keke ga yaran shago a nan Jos, aikin kuma ya cije a babin da ya shafi ramin noti idan ya lalace a gangar jikin keke, domin kalmar Ingilishi "thread" ba ta da takwara guda da aka yarda da ita a rubuce. Abin da ake nufi shi ne tudun nan da kwarin da suka nannaɗe jikin noti, waɗanda ke shiga irinsu na cikin rami har su kama juna. Tun da na fara neman kalmar a wurinku shawarwari sun zo da yawa, ga kuma inda na tsaya a kansu.

"Zare" ita na fara ajiyewa a gefe, duk da cewa ita ce ta fi saurin zuwa baki. Dalilina na cikin shago ne. Akwai masu gyaran da idan noti ya ƙi kamawa sai su tsinko zaren buhu su naɗa masa, su murɗa shi da ƙarfi, su miƙa wa mai keke abinsa, kafin ya kai Farin Gada kariyar ɗora kaya ta fara kaɗawa. Idan littafi ya ce wa yaro "ka sabunta zaren noti", wannan aikin zai ɗauka ana nufi.

"Haƙori" ta fi ƙarfi, domin akwai masu gyara da dama da ke cewa haƙoran noti sun cinye, kowa kuma ya gane. Sai dai a jikin keke an riga an ba wa wasu sunan: haƙoran firiwil da na farantin gaba, waɗanda kaca ke hawa. Waɗancan a rarrabe suke, ɗaya bayan ɗaya, wannan kuwa tudu ne guda da ya zagaye ƙarfe daga sama har ƙasa. Amma ba zan jefar da ita ba, domin wajen ƙirge tana da amfani. Bututun da ke gindin keke, inda ƙarfen da ke ɗauke da fedoji yake juyawa, a ma'aunin Ingila da aka fi sani haƙora 24 ne a kowane inci, alhali tsofaffin kekunan Raleigh da aka ƙera a Nottingham nasu 26 ne. Ido ba ya raba su. Kofin da ake murɗawa a bakin bututun zai shiga zagaye ɗaya ko biyu lafiya lau, sannan ya cije, wanda bai sani ba kuma sai ya ƙara wa sufana bututu ya danna, ya lalata ramin da ya fi kowane wuyar gyara a keken.

Wani malamin Hausa daga cikinku ya kawo "kunya", wato kunyar gona, tudu da kwari a jere. Malam, Allah ya ƙara basira, wajen siffanta abin babu wadda ta kai taka, zan ma yi amfani da ita a matsayin misali ga yaron da ya taso a gona. Amma ranar da aka rubuta cewa noti ya rasa kunya, shagon gaba ɗaya dariya zai ɗauka, karatu ya tsaya.

Saboda haka na koma ga abin da ake faɗa a Dilimi da ke nan Jos, wato "tiredi". Na san akwai masu ganin aron kalma kasawa ce, amma noti da sufana da giris da birki duk baƙi ne da suka zauna har suka zama 'yan gida, ba kuma na ganin hikima a rubuta wa yaro kalmar da idan ya faɗa wa mai sayar da kayan gyara za a tsaya ana kallonsa. Inda Hausa take da aiki na gaske shi ne wajen bayyana irin lalacewar, domin "ya lalace" kalma ce da ke rufe ciwo uku, kowanne da maganinsa.

Akwai tiredin da ya toshe. Tsatsa ce ko fenti ko laka ta cika kwarin, abin da daminar Jos ba ta raina yi wa ramukan madigadi, amma ƙarfen yana nan. Akwai wanda ya saɓa, wato an sa noti a karkace ya yanka wa kansa sabuwar hanya a bakin ramin, na can ciki kuwa lafiyarsa ƙalau. Waɗannan biyun sharewa kawai suke so, idan kuma ramin ya ɓulle ta baya, ta bayan ake shigar da kayan aikin domin ya bi tiredi mai kyau ya daidaita na bakin. Na uku shi ne wanda ya cinye: noti yana ta juyawa ba ya tsayawa, idan ka zaro shi sai ka ga siririn ƙarfe fari ya naɗe a kwarinsa kamar gashi, wannan shi ne tiredin ramin da ya biyo shi waje. An fi ganin haka a kekunan gwanjo na alminiyam, saboda noti ƙarfe ne mai tauri, jikin keken kuwa mai laushi. A nan sharewa ba ta da amfani, tunda babu abin da za a share.

Ƙarfen da ake yanka tiredi da shi a cikin rami na kira shi "mayankin tiredi", babu wanda ya ja. Ramukan kariya da na mariƙin gorar ruwa galibi M5 ne, wato na noti mai kaurin milimita 5, tazarar tudu zuwa tudu milimita 0.8. Idan ya cinye, kuma akwai isasshen nama a gefen ramin, ana huda shi da mahuji mai kaurin milimita 5 a yanka M6 a ciki, da ɗigon mai, ana murɗawa gaba ana ɗan dawowa baya domin ɓarɓashi ya karye. Wannan sunansa "ƙarin rami", ba ya buƙatar wata ƙirƙira.

Kalmar da ta fi ba ni aiki ita ce ta abin da ake sayarwa da sunan Helicoil. Waya ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa, an naɗe ta zagaye-zagaye, an fara yin ta a Amurka a ƙarshen shekarun 1930 saboda injinan jirgin sama. Ana faɗaɗa ramin kaɗan, a yanka masa tiredi da mayanki na musamman da ke zuwa tare da ita, a murɗa wayar ciki, sannan a karya ɗan harshen da ke ƙasanta, sai noti mai girman na asali ya koma mazauninsa. Amfaninta ya fi fitowa a inda ba a iya sauya girman noti, kamar kunnen da mai canza giya ke rataye a kai, wanda M10 ne mai tazarar milimita 1. An ba ni "shafi", irin na cikin riga, amma shafi ya riga ya tara ma'anoni, a cikin littafi kuwa ruɗanin a fili yake. Na zaɓi "dashen tiredi", domin an cire mataccen ne an dasa wani a gurbinsa, Bahaushe kuma ya san dashe tun daga gona har asibiti.

Baba, kai da ka ce ai sunansa bushin tun kafin a haife mu, na ji, ban kuma ƙi taka ba. Bushin dunƙulallen ƙarfe ne mai tiredi ciki da waje, irin wanda ake sa wa ramin feda ko ramin fulogin babur, wannan kuwa waya ce. A littafin zan ce dashe iri biyu ne, na waya da na bushin, ka ga kowa ya samu wurinsa. Na kuma karɓi "tiredi bahago" da ka ba ni hannu bibbiyu, domin fedar hagu da kofin dama na gindin keke a ma'aunin Ingila duk ta hagu ake ɗaure su, rashin sanin haka kuma ya cinye ramuka masu yawa.

Saura guda ɗaya. A yawancin kekunan alminiyam, tiredin mariƙin gora ba a jikin bututun aka yanka shi ba, wani ɗan ƙarfe ne mai rami aka cusa aka matse shi ya kama bangon ta ciki. Idan ya saki, shi da notin tare suke juyawa alhali tiredinsa lafiya lau, gyaransa kuma sake matse shi ne, ko a hude shi a sa sabo. Na rubuta "matsattsen noti" da fensir, amma kunnena bai gamsu ba. Masu shago a Bukuru da Katako, me kuke kiransa idan kun aiki yaro sayowa?